Auta da Kantar Sama

Shagon ba shi da faɗi. Idan mutum ya miƙa hannuwansa zai taɓa bangon dama da na hagu, amma yana da zurfi, kuma can ƙurya, inda hasken ƙofa ke gajiya, nan mai shagon yake zama da garmahonsa. Faya-fayai yake sayarwa, na kiɗan rok da na pop, tun zamanin da faifai ke da faɗin faranti, har aka zo kaset, har aka zo lokacin da waƙa ta daina zama abin da ake riƙewa a hannu. Mutanen layin ba sa kiransa da sunan yanka. Alƙali suke ce masa, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba.

Kantocin bangon hagu ne suka jawo masa sunan. Ta ƙasa, daidai gwiwa, ta waɗanda yake kira masu neman abinci ce: sun iya, ba su ɓata wa kowa rai ba, gobe an manta da su. Ta tsakiya ta gwanaye ce. Ta sama kuwa, wadda sai an taka kujera ake kai mata, ta manya ce, kuma abin da ke kanta ba na sayarwa ba ne ko da mutum zai yi kuka. A ƙarƙashinsu duka akwai wani kwali da ake kira maƙabarta. Mawaƙin da duniya ke rububinsa, ana buga hotonsa a riguna, sai ka zo ka tarar da shi a maƙabarta, fuska a ƙasa.

Sunayen mawaƙan suna karya harshe, don haka shagon ya raɗa musu nasa. Akwai Mai Tsakuwa, wanda muryarsa ke fita kamar ana jan buhu a kan duwatsu. Akwai Bazawara, mai waƙa kamar wadda ta gama kuka ta wanke fuska. Akwai Tagwaye, akwai Dogon Ganga. Telan da ke maƙwabtaka da shi da mai gyaran agogo na tsallaken titi sun tsufa a bencin ƙofar suna faɗa a kan waɗannan mutane da ba su san ana yi ba.

"Wallahi zalunci ne," tela zai ce. "Tagwaye a tsakiya? Mutanen da suka cika filin ƙwallo?"

"Ranar da shagon katifa ya kama da wuta ma an cika layin nan," in ji Alƙali, yana goge faifai da gefen rigarsa.

"To ita Bazawarar taka, da me ta fi su?"

"Ta san inda ake yin shiru."

"Ƙyale shi, Alƙali," mai agogo zai sa baki. "Mutumin da ya ɗinka min wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, shi ne zai auna mawaƙa?"

Abin da ya sa ake jin maganar Alƙali ba wai yawan sani ba ne, yadda yake yin shari'ar ne. Idan sabon faifai ya zo, sai ya kife bangonsa don kada ya ga fuskar mai shi. Ya ɗora allura, ya juya wa lasifika baya, ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba. Daga nan ya rufe. Waƙa, in ji shi, sai ta kwana. Da safe, kafin ya amsa gaisuwar kowa, ya sake ɗorawa; in ta tashi da ranta ta tashi, in ta mutu cikin dare ta mutu. Kuma ba ya faɗar hukunci yana kallon mutum. Yana kaɗe ƙura yake faɗa, ko yana neman wani abu a aljihun tebur, kamar maganar ba tasa ba ce, aike aka ba shi.

Shi kansa ya so ya zama makaɗi. Yana saurayi ya sayi wata tsohuwar jita, ya yi ta fama da ita har ya gane cewa Allah ya ba shi kunne ya hana shi yatsu. Ya yanke wa kansa hukunci kamar yadda daga baya zai yanke wa wasu, ya rataye jitar a ƙusa. Ƙanensa ne ya sauko da ita, autan ɗakinsu, wanda Alƙali ya riƙe tun bayan rasuwar mahaifinsu. Da Auta ya taɓa igiyoyin, sai suka amsa.

Rayuwarsu ta rabu daga nan, ko da yake layi ɗaya ke tsakanin gidajensu. Alƙali ya yi aure, matar ta zauna da shi shekaru cikin haƙuri har ta rasu, ba su samu haihuwa ba, ya koma kwana a ɗaki ɗaya da rana a shago. Auta ya shiga ƙungiyar makaɗan wani otal. Ya tsufa a kan wani ɗan dandamali kusa da ƙofar kicin, cikin jar kwat mai ƙyalli a gwiwar hannu, yana kaɗa waƙoƙin manyan kantar sama ga mutanen da ke tauna suna hira. Mutum ne mai dariya, mai son shayi da zaƙi, mai buga yatsu a kan duk abin da ya samu: tebur, gwiwa, kan 'ya'yansa.

Sau ɗaya tak ya yi nasa. Furfura ta fara fito masa a gemu lokacin da ya tara abokan aikinsa suka ɗauki waƙoƙin da ya tsara da kansa. Ya kawo kaset ɗin shago da hannu biyu, ba hoto a jiki, ya ajiye a teburin yayansa.

"Ga mai laifi na kawo, Yaya. A yi masa shari'a."

Alƙali ya dubi kaset ɗin, ya buɗe aljihun tebur ya saka.

"Ba na shari'ar jinina."

"Haba Yaya. Ko maƙabarta ce ka faɗa min, ni dai in san gidana."

"An ɗaga ƙara."

Abin ya zama wasansu. Duk lokacin da Auta ya biyo ta layin da akwatin jitarsa, sai ya leƙo: "Ranka ya daɗe, an zauna?" Daga ƙurya a amsa masa: "An ɗaga." Tela da mai agogo su yi dariya, Auta ya fi su dariya, ya wuce. Amma wasan yana da ƙaya a ciki, kuma su biyun sun sani. A duk garin ba kunnen da Auta ya yarda da shi sai wannan. Tafin masu cin abinci bai taɓa ƙosar da shi ba. Shi kuma Alƙali tsoro yake ji. Ya san idan ya saurara ba zai iya yin ƙarya ba, ya kuma san yawancin mutane masu neman abinci ne. Bai ga yadda zai ɗora ƙanensa daidai gwiwa ya ci gaba da kallonsa ba. Sai ya bar kaset ɗin a aljihu tare da tsofaffin allurai, shekara ta bi shekara.

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa. Daga baya ya hau ciki, idanu suka yi rawaya, yatsun da ke gudu a kan igiya suka cika kamar an hura su. Aka kwantar da Auta a wani dogon ɗaki mai warin magani, gadonsa kusa da taga. A barandar ɗakin likita ya tsayar da Alƙali da matar Auta ya gaya musu cewa hanta ta gama aiki, abin da ya rage shi ne a rage masa zafi.

Matar Auta mace ce mai ƙarfin zuciya. Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Yaya, kada ya ji. Na san shi. In ya ji, ranar zai kwanta." Suka koma ciki da fara'ar aro. Ta ce wa Auta likita ya ce ruwa ne ya taru, za a zuƙe. Auta ya yarda, ko kuma ya so ya yarda. Yana cin abin da aka ba shi, yana tsokanar ma'aikatan jinya, yana kaɗa kumburarrun yatsunsa a ƙarfen gado, yana lissafin waƙoƙin da zai sauya in ya koma otal.

Wata rana da yamma Alƙali zai shiga, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Yaya, tun safe maganar kaset ɗin nan yake. Don girman Allah yau in ya tambaye ka, ka faɗa masa mai daɗi."

"Ban saurara ba."

"To sai me? Wa zai kai ka ƙara? Kalma ɗaya ce, me za ta rage ka da shi? Shekara nawa yana bin ka kamar mai roƙo, mutanen da ba su san da zamanka a duniya ba ka ɗora su a sama kana goge musu ƙura, ɗan'uwanka na aljihun tebur." Muryarta ta karye. "Ni ban san kiɗa ba, Yaya. Miji na sani."

Alƙali ya raɓa ta. Ya shiga.

Auta na jingine da matashi, rana ta faɗo a rabin fuskarsa. Da ya ga yayansa sai ya washe baki.

"Ranka ya daɗe. An zauna?"

Alƙali ya ja kujera. Ya dubi ƙanensa cikin ido, ya kama hannunsa mai nauyi, ya ce, "An zauna. Kantar sama."

Yatsun da ke kaɗa ƙarfen gado suka tsaya.

"Kantar sama," Auta ya maimaita.

"Kantar sama. Kusa da Bazawara."

"Duka kaset ɗin?"

"Duka."

"Har waƙar farko?"

"Har ita."

Auta ya daɗe yana kallonsa. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, a hankali ya janye, kamar ruwa a ƙasa mai ƙishi.

"Ta farkon ko ni na san shara ce, Yaya." Ya zare hannunsa. "Tun ina yaro nake zaune a shagonka. Ban taɓa ganin ka ba wa mutum kaset guda ba tare da ka cire ko waƙa ɗaya ba. Ban taɓa ganin ka faɗi hukunci kana kallon mutum ba. Kuma ban taɓa ganin ka riƙe hannun kowa ba, ko ranar da muka binne Baba." Ya juya ga matarsa da ke tsaye a ƙarshen gado. "Ke, zo nan. Me likita ya ce?"

"Ruwa ne, na faɗa maka, za a..."

"Yaya ya yi min ƙarya. Yaya. In har ta kai ga haka, ba ruwa ba ne. Me ya ce?"

Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suka fara rawa. Auta ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin abin da dama ya san ba zai iya saya ba, ya zame daga matashin ya juya fuska ga bango.

Daga ranar ya daina ci. Ba fushi ya yi ba, da fushi ne da an lallashe shi. Ana gaishe shi yana amsawa, ana ba shi magani yana haɗiyewa, amma yatsun sun kwanta a kan bargo kamar na wani. Matar ba ta ce wa Alƙali komai ba, shi ma bai ce mata ba. Kowannensu ya san rabonsa a cikin abin.

Washegari Alƙali bai buɗe ƙofar shago duka ba. Tela ya leƙo ya ga fuskarsa, ya koma bai yi wasa ba. Alƙali ya jawo aljihun tebur ya ɗauko kaset ɗin, ya hure ƙurarsa, ya juya zaren da biro don ya saki, ya saka a rediyo. Ya juya wa lasifika baya.

Ta farkon shara ce, Auta bai yi ƙarya ba. Ta biyu da ta uku na masu neman abinci ne, tsaf-tsaf, ba laifi ba albarka. Mai gangar yana gudu kamar ana bin sa. Muryar Auta siririya ce, tana kama manyan wurare da ƙyar. Alƙali ya zauna yana jin abin da ya ji tsoro shekara da shekaru yana faruwa, har wani irin sanyi ya sauko masa, sanyin wanda aka tabbatar masa da mugun zato.

Sai ta kusa da ƙarshe ta shigo. Ba murya a cikinta. Mai gangar ma kamar an kore shi waje. Jita ce kaɗai, a hankali, tana tafiya kamar mutum a cikin gidan da aka kwashe kaya, yana taɓa bango yana tuna inda kowane abu yake. Ta hau, ta hau, ta zo daidai wurin da kowane makaɗi zai saki sautin da kunne ke jira, sai ta ƙi. Ta tsaya. Shirun ya yi tsawo har Alƙali ya ɗauka zaren ne ya tsinke. Sannan sautin ya zo, ƙasa da inda ake jiransa, a tausashe, kamar an dafa kafaɗarka daga baya.

Gashin hannunsa ya miƙe. Ya kashe rediyon ya zauna cikin duhun ƙuryar, motoci na wucewa a waje.

Zuciyarsa ta ce ya tashi yanzu ya tafi asibiti. Har ya ɗauki hularsa. Amma ya riga ya kai wa ƙanensa hukuncin da bai kwana ba, ya ga abin da ya haifar. Wannan karon zai kai masa na gaske, cikakke, wanda ba wanda zai ce tausayi ne. Ya mayar da hular. Ya bar waƙar ta kwana, ko da yake shi bai runtsa ba.

Da safe, kafin ya amsa gaisuwar kowa, ya sake sakawa. Ta tashi da ranta. Ta ma fi jiya.

Ya isa asibiti ana goge ƙasa. Matar Auta na zaune da kofin shayin da ya huce ba a taɓa ba. Auta ya rame a fuska, ciki kuwa ya ƙara tashi a ƙarƙashin bargo. Idonsa biyu, yana kallon silin.

Alƙali bai zauna ba. Ya je bakin taga ya juya musu baya, ya fara goge ƙurar ƙarfen tagar da yatsa.

"Na saurara," ya ce. "Jiya, da yau da safe. Ta kwana."

Ya ci gaba da goge ƙarfen.

"Ta farko maƙabarta. Mai gangarka jaki ne, ban san inda ka samo shi ba. Muryarka ba ta waƙa ba ce, da ka bar wa wani. Sauran duk kantar ƙasa, ba za su wuce nan ba." Ya tsayar da yatsansa. "Amma ta kusa da ƙarshe, wadda ba murya. Inda ka riƙe sautin nan ka ƙi sakinsa. Wannan ta sama ce, Auta. Na rantse da wanda raina ke hannunsa. Mai Tsakuwa bai taɓa yin kamarta ba. Tun da nake sauraro ban ji shirun da ya kai wannan ba."

Ya tsaya yana jira, idonsa a kan wata bishiya a harabar asibitin. Ya ji numfashin ƙanensa, mai nauyi, yana shiga yana fita.

"Ka iya, Yaya," in ji Auta. Muryar ba ɗaci a cikinta, har da ɗan guntun dariya. "Wannan karon ka shirya. Har da juya baya. Har da zagin mai ganga, don in yarda."

Alƙali ya juyo. "Wallahi na saurara."

"Na sani."

"In faɗa maka yadda ta fara? Daga igiyar ƙasa ka taso, sannan..."

"Na ce na sani, ka saurara. Kai mai kirki ne." Ya lumshe ido. "Da ka ji ta lokacin da nake da ƙafafuna, ka ce min kantar ƙasa, da na yi rawa a layinku. Yanzu ko me ka ji, mai mutuwa ka ji. Kunnenka ma ɗan'uwana ne, Yaya, ba zai ƙi ni yanzu ba."

"Ba haka ba ne."

"To."

"Auta, ba haka ba ne. Ko ba kai ba ne, ko wani ne can da ban taɓa gani ba..."

"To, Yaya. Na gode. Allah ya saka da alheri."

Haka yake ce wa maƙwabtan da ke zuwa dubiya da lemo a leda. Shi kuwa Alƙali, duk rayuwarsa maganarsa ɗaya ce, in ya faɗa ta zauna, bai taɓa koyon yadda ake roƙon mutum ya yarda ba. Ya dubi matar, ko za ta sa baki. Ita ma kallonsa take, kuma a idonta ya ga godiya, irin wadda ake yi wa wanda ya yi ƙoƙarin ƙarya mai kyau. Ita ma ba ta yarda ba.

Ya zauna a kujerar. Can Auta ya ce a rufe tagar, iska na damunsa. Alƙali ya tashi ya rufe. Auta ya ce a gyara masa matashi, aka gyara. Bai ƙara ta da maganar ba, ranar ko bayanta, kuma duk lokacin da yayansa ya fara, sai ya ce, "To, Yaya," ya rufe ido.

Bai cika mako ba ya rasu, da hantsi, matarsa ta fita wanke kofi, yayansa na zaune a gefen gado yana shirya wasu kalmomin da zai sake gwadawa in ya farka.